Inji na Uku

A Fleetwood, inda teku ke tofa gishiri a tagogi,
ina da injin wanki tara. Biyu sun mutu,
na uku yana tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba.
Ƙarfe bakwai nake buɗe ƙofa,
kafin in kunna fitila, gardama ta riga ni shiga.

Halliwell ne na fari.
Shekara talatin a teku, yau jirginsa tsatsa ke ci.
Ya ce, "Glenys, na zaɓi mu raba gari da Turai,
an ce ruwanmu zai dawo hannunmu.
To, ruwa ya dawo. Kifin ne bai ji labari ba."
Ya zuba safa bakwai a inji,
ba ɗaya mai 'yar'uwa.

Beryl ba wanki ke kawo ta ba, na sani.
Tawul guda ne, fes tun daga gida.
Takan raɓe jikin injin busarwa tana gasa gwiwa,
don kuɗin gas ya fi ƙarfin fanshonta.
Wata goma sha huɗu tana jiran aikin ƙugu.
"Ni da na yi jinyar rabin garin nan,
yau takarda ke ce mini in ƙara haƙuri."
Amma wani ya kuskura ya zagi asibitin gwamnati a gabanta,
sai ka ga ƙugun ya warke, ta miƙe tsaye.

Kieran, mai kai abinci a keke,
ruwan sama na ɗiga daga hularsa,
ya ce haya na cinye kashi biyu cikin uku,
ya ce ja da shuɗi duk kanwar ja ce,
ba zai ɓata takalminsa zuwa rumfar zaɓe ba.
Halliwell ya ce wanda bai jefa ba ya rufe baki.
Kieran ya ce, "Kai da ka jefa, ina kifin?"

Shiru. Sai ruwa na juyawa a bayan gilashi.

Can Halliwell ya koma kan baƙi,
sun yi yawa, tsibirin zai nutse.
Ya waiga ya ga Sheeba na ninke zannuwan gidan tsofaffi,
ita da ke yi wa yayansa aski ran Lahadi.
"Ban da ke," in ji shi.
Ba ta ɗago ba. "Kowa ban da ni yake cewa.
Riƙe mini bakin zanen nan."
Ya riƙe.

Abu guda ne ba a musu a kansa:
ramin da ke tsakiyar titinmu.
Ya shekara uku, mun raɗa masa suna Kansila,
don kullum yana nan, ba ya komai.
Sai bas ɗin yamma da aka soke,
sai shayina, wai ya cika ruwa.

Ran Talata wani yaro ya shigo da fure na ƙyalle a ƙirji,
murmushi har kunne, takardun kamfe cike da hannu.
Ya tambaye ni me ya fi damuna a ƙasar nan.
Shekara ashirin ina jin na kowa,
ba wanda ya taɓa tambayar nawa,
sai bakina ya ƙi buɗuwa.
Na ce ya ba ni takarda huɗu.
Da ya fita na ninke su, na tura ƙarƙashin ƙafar inji na uku.
Ya daina rawa.

Ran Alhamis zan je in yi layi, kamar yadda uwata ta yi,
in ja gicciye da fensirin da aka ɗaure da zare.
Ban faɗa wa kowa inda zai faɗa ba.

Yanzu dai duhu ya yi tun ƙarfe huɗu,
tawul ɗin Beryl ya bushe tun ɗazu.
Na zura fam guda daga aljihuna,
na ce mata da saura, bai gama ba.